Kwana Ba Ta San Jarumi Ba

A miƙaƙƙen titi kowa gwani ne. Yaron da ya koyi babur jiya a filin makarantar unguwa zai iya murza totur yau ya kama hanyar Kano zuwa Zariya, babu mai gane cewa sabon hannu ne, domin babur idan ya samu gudu shi yake tsayar da kansa. Asiri yana tonuwa ne inda hanya ta lanƙwasa. Nan ake ganin wanda kafaɗunsa suka sandare, ya zuro ƙafa ɗaya da silifas yana neman ƙasa, yana cin kwanar gutsure-gutsure kamar mai tsoron zafin tuwo. Nan kuma ake ganin takwaransa, wanda ya shigo a guje ya kwantar da babur har ƙarfe yana kartar kwalta, ya fita yana waige ko an gan shi. Mutanen bakin titi sukan yi wa na farko dariya, su yi wa na biyu kirari. Alhali ciwo ɗaya ke damun su biyun: babu wanda ya san abin da ke juya babur ɗin da yake kai. Ɗaya jahilcin ya ba shi tsoro, ɗaya kuma bai riga ya gamu da ranar da zai biya kuɗinsa ba.

Shawarar da aka fi ba matsoracin kwana ita ce ya cire tsoro, ya saki jiki, ya yi ta maza. Shawara ce marar amfani, wani lokaci ma mai cutarwa. Tsoron da mutum yake ji a bakin kwana saƙo ne daga jikinsa cewa ya shigo da gudun da bai san yadda zai sarrafa ba, kuma saƙon gaskiya ne. Wanda ya danne shi da ƙarfin hali bai ƙara sanin komai ba. Ƙararrawa kawai ya kashe. Natsuwar da ake nema tana zuwa ne daga baya, bayan hannu da ido sun koyi aikinsu.

Lissafin abin ba shi da wuya. Babur ba ya shan kwana sai ya karkata, kuma abu biyu ne ke yanke yawan karkatar: gudu da tsananin lanƙwasar hanya. A ɗauki kwanar da in an cika ta ta zama da'ira, daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 30 ne. Mai gudun kilomita 40 a awa zai karkata kamar digiri 23 ya wuce lafiya. A kilomita 50 yana bukatar digiri 33. A kilomita 60 sai ya kai digiri 43, wato dab da iyakar abin da taya mai kyau za ta iya riƙewa a busasshiyar kwalta mai tsabta. A kilomita 80 lissafin yana neman kusan digiri 60, karkatar da ba a ganin irinta sai a gasar MotoGP, a kan tayoyin da aka ƙera musamman domin haka, a titin da aka share tas. Dalili shi ne nauyin da kwana ke ɗora wa taya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Ƙarin kilomita 10 da mahayi bai ɗauka a bakin komai ba a miƙaƙƙiyar hanya, a cikin kwana shi ne bambancin gida da asibiti. Duk wannan nauyi kuwa yana kan ɗan wurin da kowace taya ta taɓa ƙasa, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba.

Saboda haka yawancin abin da ake kira matsalar kwana an riga an ƙulla shi tun kafin a shiga kwanar. Birki da saukar da giya aikin miƙaƙƙiyar hanya ne, lokacin da babur yake tsaye kuma taya ba ta da wani aiki sai tsayarwa. Da zarar an karkata, riƙon taya ya kasu biyu, abin da aka kashe a juyawa ba za a same shi a birki ba. Wanda ya shiga a hankali yana da zaɓi: zai iya ƙara wuta in ya ga hanya ta buɗe. Wanda ya shiga da wuta ya bar zaɓinsa a baya.

Sai maganar hannu, wadda ita ce mafi ban mamaki, kuma ita ce aka fi jahilta. A tambayi mahaya goma yadda suke karya kwanar dama, tara za su ce jiki suke karkatarwa, ko kuma kan babur suke juyawa dama. Ba haka abin yake faruwa ba. Da zarar gudu ya wuce na sassarfa, babur yana kwantawa dama ne idan an ɗan tura mariƙin dama gaba, wato an juya tayar gaba hagu na ɗan ƙiftawar ido. Tayar sai ta goce daga ƙarƙashin nauyin, babur ya faɗa dama, sannan kan ya biyo kwanar da kansa. Tura dama, a tafi dama. Tura hagu, a tafi hagu. Duk mai hawan keke yana yin haka tun yana yaro ba tare da ya sani ba. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi jirgin sama a 1903, waɗanda asalin sana'arsu kekuna ce, ya lura da wannan, ya kuma lura cewa masu keken da ya tambaya ba su san suna yi ba. Keith Code, wanda ya kafa makarantar koyar da tseren babur a Kalifoniya a 1980, ya gaji da musu har ya sa aka ɗaura wa wani babur mariƙi na biyu wanda ba ya haɗe da tayar gaba. Masu cewa da jiki suke juyawa suka hau, suka riƙe shi, suka yi ta karkata jiki, babur ya ƙi shan kwana.

Me ya sa sanin ya zama dole, tunda jiki yana yi da kansa? Saboda jiki yana yi ne kawai idan hankali a kwance yake. Ran da kwana ta fi yadda aka zata tsanani, ko tirela ta leƙo ta ci rabin hannun mutum, sai hannuwa su ƙanƙame mariƙi, gwiwar hannu ta miƙe, babur ya ƙi kwantawa ya nufi waje. Wanda ya san sirrin yana da abin yi a wannan daƙiƙar: ya ƙara tura mariƙin ciki. Wanda bai sani ba sai salati. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa a haɗurran da babu wata mota a ciki, kusan kashi biyu cikin uku kuskuren mahayi ne, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne zamewa saboda danne birki fiye da kima, ko fita daga hanya a kwana. Ya kuma gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda abin ya rutsa da su, su suka koya wa kansu, ko wani ɗan'uwa ko aboki ya koya musu. Wanda ya san yadda ake koyon babur a Kano ko Maraɗi ba zai ji wannan adadi baƙo ba.

Ido ma yana da nasa sharrin. Babur yana bin inda mahayi ya kafa ido, ko da wurin shi ne abin da yake gudu. Mai kallon rami zai faɗa ramin, mai kallon bakin kwalbati zai same shi. Mahayin doki yana da rangwame a nan, domin doki yana da idonsa da son ransa, ko an ja linzami ba daidai ba ba zai yarda ya afka wa garu ba. Babur ba shi da wannan hankalin. Abin da ake koya shi ne a juya kai gaba ɗaya, haɓa ta nufi mafitar kwana, ido ya tsaya a wuri mafi nisa da ake iya ganin kwalta. Idan wannan wuri yana matsowa, kwanar tana ƙara tsukewa, a rage. Idan yana ja da baya, ta fara buɗewa. Kuma kada gudu ya wuce wanda za a iya tsayawa da shi a cikin tazarar da ido ya gani, a hannun da mutum yake. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kwana, sai an ba shi nisa yake sanin kimar.

Mai musu zai ce wannan duk karatun Turawa ne, na manyan babura da titunan da ake sharewa. Ɗan acaɓan da ya shekara goma a kan Boxer ko Jincheng, yana ɗaukar mutum biyu da buhun masara, wane ɗan Kalifoniya ne zai koya masa kwana? Akwai gaskiya a ciki. Awannin da irin wannan mahayi ya yi a kan sirdi sun fi na yawancin masu rubuta littattafan, kuma ya san abubuwan da ba su sani ba: inda akuya take tsallakawa, yadda yashi ke taruwa a gefen kwana bayan ruwan sama, santsin da ruwan farko na damina ke tayarwa idan ya haɗu da baƙin man da ya kwana a kwalta, da halin direban da ke yanke kwana a Hawan Kibo. Sai dai wannan hujja a kansa take komawa. Digiri 43 da aka ambata na kwalta mai tsabta ne. Yashi kaɗan zai iya zaftare riƙon taya ya bar rabi ko ƙasa da haka, kuma tayar da ta suɗe ko iskarta ta yi ƙasa ta riga ta ci wani kaso tun daga gida. Kaya a baya suna sa gaba ya yi sakayau. Fasinjan da ya tsorata ya miƙe zaune a tsakiyar kwana yana jan babur waje. Hanyar da ta fi yawan abin mamaki ita ta fi bukatar a bar rara. Sabo da kaza kuwa ba ya hana yanka ta: kwanar da mutum ya sha sau dubu, ba a share masa ita a karo na dubu da ɗaya ba.

Shekaru kuma suna kafe kuskure kamar yadda suke kafe gwaninta. Misali tsoron birkin gaba. Da yawa sun taso da cewa shi ke kifar da mutum, har wasu sukan bar shi a kwance ba gyara, alhali shi ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa idan an taka birki. Abin da ke kayarwa shi ne fizgarsa lokaci ɗaya, musamman a karkace. Wanda ya dogara da na baya kaɗai yana isowa bakin kwana da sauran gudun da bai zubar ba. Haka al'adar riƙe kulochi ko sa firi a gangara domin tsimin mai, wadda tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ta ƙara wa farin jini. Babur ya fi zama daram a kwana idan inji yana ɗan jan tayar baya, totur a buɗe kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali yayin da mafita ta bayyana. Wanda ya raba inji da taya ya zubar da wannan, ya kuma zubar da birkin inji, domin ribar man da ba ta cika cokali ba. Zuro ƙafa ma haka: ƙafa ba za ta tallafi babur da mutum biyu a guje ba, sai dai ta karye.

Idan aka faɗi, akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Magana ce ta sanyaya zuciya, kuma tana da wurinta a gaban wanda ke kwance da karaya. Ba ta da wuri a bakin mai koyarwa. Wanda ya taɓa zamewa a kwana yakan dawo kan babur kamar wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai gabansa ya faɗi, kuma abin da zai warkar da shi shi ne ya gane dalilin faɗuwar: gudun shiga ne, birki ne a karkace, ido ne ya kafe, ko yashi ne bai hango ba. Tsoron da aka san sunansa yana da magani.

Maganin kuwa ba ya bukatar makaranta mai tsada, kuma a nan ne ƙungiyoyin masu babur, waɗanda ke karɓar kuɗin tikiti kullum, suke da bashin da ba su biya ba. Fili mai ƙarfin ƙasa ko titin da babu zirga-zirga da sassafe, hular kwano, takalmi rufaffe, da galan biyu da aka ajiye tazarar taku 20 sun isa. Sabon mahayi ya yi ta zagaya su yana zana lamba 8, kansa a juye zuwa galan na gaba tun bai gama da na farko ba. Sannan a miƙaƙƙen wuri, a gudun kilomita 30, ya tura mariƙin dama da tafin hannu a hankali ya ji yadda babur ke amsawa, ya tura na hagu, har abin ya tashi daga labari ya koma hannu. Sannan birki: a matsa na gaba kamar ana matse lemo, da sauƙi tukuna sai ƙarfi, tare da na baya, ana auna inda aka tsaya. Bayan haka ya zaɓi kwana ɗaya da ya sani, ya riƙa shan ta da gudun da bai kai iyawarsa ba, yana gyara abu ɗaya a kowane zagaye, yau ido, gobe wurin da ya gama birki, jibi lokacin buɗe totur. Alamar ci gaba ita ce gwiwar hannu ta saki, numfashi ya daidaita, ya fita daga kwanar a hannunsa ba tare da ya gyara layi a tsakiya ba. Fasinja da buhu sai bayan wannan, kuma ranar da aka fara ɗaukar su, a koma gudun farko a sake farawa, a kuma gaya wa na baya tun kafin a tashi cewa ya manne da bayan direba, ya bi shi duk inda ya karkata.