Maleji Mai Ƙyalli, Allura Maƙaryaciya

A ƙarshen shekarun 1990 wata kwalliyar mota ta yi tashe a tsakanin samarin Amurka masu Honda Civic da Accord. Fallen roba ne siriri mai siffar fuskar maleji, da lambobinsa da zane-zanensa, wanda ake shimfiɗawa a kan fuskar asali. Da rana fari ne fat, da dare kuma idan an kunna fitila sai ya ɗauki haske shuɗi ko kore. Yayin ya daɗe da wucewa a can, amma motocin sun tsufa sun biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, fallen kuma yana nan a kasuwannin intanet ana tallata shi ga duk mai tsohuwar mota da ke son ta yi kama da sabuwa. Masu sayarwa na cewa duk mai sukundireba zai iya ɗaura shi da kansa a yammacin Asabar ɗaya. Gaskiya ne, zai iya. Abin da ba sa faɗa shi ne a wannan yammacin mutum na iya lalata na'urar da ke gaya masa gudun da yake yi da zafin injinsa da man da ya rage masa, ya mayar da murfi ya ɗaure, bai san ya yi ɓarna ba.

Fasahar kanta ba abin rainawa ba ce. A cikin fallen akwai garin sinadarin zinki da salfa da aka ɗan gauraya da tagulla, an matse shi tsakanin shimfiɗu biyu masu ɗaukar lantarki. Idan wuta mai kai-da-komo ta ratsa shi sai garin ya yi haske da kansa, babu ƙwai, babu zafi. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, shi kuwa fallen yana buƙatar kusan bolt 100 ko fiye, shi ya sa yake zuwa da ɗan baƙin akwati, wato ƙaramar inbata, wadda kan yi wani siririn kuka da mai kunne ke ji a cikin shirun dare. Kamfanin Chrysler ya yi amfani da irin wannan haske a malejin motocinsa tun 1960, kamfanin agogo na Timex kuma ya yaɗa shi a 1992 da sunan Indiglo. Sai dai Chrysler injiniyoyi ya sa suka ƙera malejin gaba ɗayansa, suka gwada shi kafin ya bar masana'anta. Mai yi a gida kuwa umarnin da yake bi yakan ce masa ya samo cokali mai yatsu daga kicin.

Cokalin na cire allura ne. Wasu daga cikin waɗannan fallaye ba sa zama daidai sai an zare allurorin maleji daga kan 'yan sandunan da ke juya su, an shimfiɗa fallen, sannan an mayar. Sandar siririya ce, ba ta kai tsinken ashana kauri ba, kuma a motocin zamani wani ɗan mota mai ƙananan haƙoran roba ne ke juya ta taki-taki. Jan da ya wuce kima yana iya karya haƙoran ko ya zaro sandar gaba ɗaya. To ko da an cire lafiya, babu wata alama a jikin sandar da ke nuna inda allura take zaune. Da ido ake mayar da ita. A ɗauki malejin da allurarsa ke zagaya kusan digiri 240 daga sifili zuwa kilomita 240: kowane digiri ɗaya kilomita ɗaya ne a sa'a. Kuskuren digiri 10 a allura mai tsawon santimita 4 bai wuce milimita 7 ba a bakinta, abin da ido ba ya kamawa idan mutum ya sunkuya a ƙarƙashin sitiyari da tocilan a baki. Amma kilomita 10 ne a kan titi.

Masu ƙera motoci sun san wane ɓangare kuskure ya kamata ya faɗa. Ƙa'ida ta 39 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin motoci a Turai ta ce maleji ba zai taɓa nuna ƙasa da gudun gaskiya ba. An yarda ya ƙara, amma kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4. Wato idan mota na gudun 100, malejin na iya cewa 100 har zuwa 114, amma ba zai ce 99 ba. An gina ƙaryarsa ta yadda za ta kare direba. Allurar da aka mayar ƙasa da mazauninta tana juya wannan kariya ta koma tarko. Direban yana kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, yana ganin 100, iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa ƙananan motoci a kan tagwayen hanyoyi, alhali 110 yake yi. Tazarar da birki ke buƙata tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka ƙarin kilomita 10 ɗin nan ya ƙara masa kashi 21 cikin ɗari na tazarar tsayawa. Idan 120 ne, kashi 44.

Gejin zafi ya fi wannan muni, domin zagayensa gajere ne, kuma a motoci da yawa an tsara shi ya tsaya a tsakiya muddin zafin bai fita daga iyaka ba. Idan ya fara hawa, lokaci ya riga ya ƙure. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, cikin cunkoson Kano ko Sakkwato, allurar da aka kafa ƙasa kaɗan za ta nuna komai lafiya har sai tururi ya taso daga lagireto, gasket ya ƙone. Kuɗin fallen ba shi da yawa. Kuɗin sauke inji kuwa kowane mai mota ya san shi. Na gejin mai ba ya buƙatar dogon bayani ga duk wanda ya san abin da ake nufi da mota ta mutu bayan magariba a tsakanin Abuja da Kaduna.

Akwai nau'in da ake zura shi ta saman allura ba tare da an cire ta ba, kuma masu kare wannan kwalliya kan fake da shi. Ya fi sauƙin haɗari, amma gam ne ke riƙe da shi, motar da ta wuni a rana kuwa dashbod ɗinta kan wuce digiri 70. Gam ya saki, gefen fallen ya tashi, allura ta riƙa gogar sa tana maƙalewa. Sannan fallen da aka buga don wata mota ba lallai ya dace da 'yar uwarta mai suna ɗaya ba. Accord mai silinda 4 da mai silinda 6 ba lallai jan layin juyin injinsu ya zo wuri ɗaya ba, ta kasuwar Amurka da ta Turai kuma ma'auninsu daban.

Babban laifin fallen yana wajen ƙananan fitilun gargaɗi. A fuskar maleji ta asali akwai tagogi da ido ba ya gani sai fitilar bayansu ta kama: butar baƙin mai, batir, birki, jakar iska, hoton inji. Launukansu ma ba zaɓin ado ba ne, ƙa'idar duniya ce: ja a tsaya, ruwan lemo a bincika, kore abu na aiki, shuɗi babbar fitila a kunne. Fallen da tagoginsa suka goce kaɗan yana rufe rabin alamar, wanda bai da tagar ma yana binne ta ɗungurungum. Jar butar baƙin mai idan ta kama, daƙiƙoƙi ne tsakanin direba da bugawar inji. Alamar babbar fitila kuma takan narke a cikin shuɗin fallen, sai mutum ya yi ta kashe wa masu tahowa ido bai sani ba.

A nan ne wannan ƙaramar kwalliya ke haɗuwa da wata tsohuwar ɗabi'a da ta fi ta girma. Ba baƙon abu ba ne a sayi mota 'yar Beljiyam, bayan wata biyu mai wayarin ya buɗe maleji ya tarar an cire ƙwan fitilar inji ko an liƙe ta da baƙin salatif. Ba baƙon abu ba ne kuma mai mota da kansa ya ce a kashe masa fitilar don tana damunsa. Likitan da ba zai yarda da na'urar awon jini da ba a daidaita ba, da akawun da zai hana kansa barci saboda naira 50 ta ɓace a lissafi, da 'yar kasuwar da za ta tayar da jijiyar wuya a kan mudun da aka bubbuge gindinsa, duk sai ka gan su suna tuƙa iyalansu da malejin da ya mutu tun bara. Wanda ya saba kallon dashbod a matsayin fuskar ado, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki cokali ya nufe shi.

Hasken ma, wanda dominsa aka yi wahalar, yana da farashi. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi a gabansa kuma yana warware wannan sabo nan take. Ƙwayoyin ido masu gani a duhu sun fi jin shuɗi da kore, ba sa jin ja sosai, shi ya sa BMW ta shafe shekaru tana haska malejinta da ja mai ruwan lemo. Saab ta wuce nan: a 1993 ta sa maɓallin da ke kashe hasken duk gejin ya bar na gudu kaɗai, sauran sai sun sami abin faɗa suke kamawa. Waɗannan kamfanoni sun ƙera wa ƙasashen da titunansu ke da fitilu da fenti mai ƙyalli. A hanyar da alamar tirela ta lalace ita ce ganyen da aka zuba a kan kwalta, inda babur ba fitila da garken shanu ke fitowa daga duhu, direba ya fi kowa buƙatar idonsa. Garin gyaran gira ke nan.

Hujja ɗaya mai ƙarfi da masu fallen ke da ita ita ce ta mil. Motar Amurka manyan lambobinta mil ne, kilomita na ciki da ƙananan rubutu, kuma direban da ya ga 80 ya ɗauka kilomita ne alhali kusan 129 yake yi. Sauya fuskar zuwa kilomita gyara ne na gaske, haka ma sauya ƙwan da ya dushe. Amma gyaran na'urar awo yana ƙarewa ne da gwaji. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ƙaramar na'urar bincike ke karanta gudu da juyin inji da zafin ruwa kai tsaye daga kwamfutar motar, wayar hannu kuma tana nuna gudu ta tauraron ɗan'adam. Sai a gwada allura da waɗannan a 40 da 60 da 100, a ɗauki hoton maleji kafin a taɓa shi, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba a ƙirga fitilun gargaɗin da suka kama, a sake ƙirgawa bayan an rufe. Idan guda ɗaya ta ɓace, fallen ne zai fita.