Kwana uku a Gandun Glacier: hanya ɗaya ta isa

Wanda ya kammala taro ko ziyarar dangi a Amurka, ya ga kwana uku sun rage masa kafin jirgi, yakan buɗe taswira ya hango Gandun Glacier a jihar Montana da Gandun Yellowstone daga kudu, sai ya ɗauka maƙwabta ne. Tsakaninsu tuƙin awa 6 ne ko fiye. Wanda ya haɗa su a irin wannan ɗan hutu zai kashe kuɗin hayar mota da na masauki, ya koma gida da abin da ya fi gani, wato bayan motar da ke gabansa. Taura biyu ba ta taunuwa. Gajeriyar tafiya cikin duwatsu ta fi yin albarka idan an ɗora ta a kan gandu ɗaya, kuma a Glacier hanya ɗaya ma ta ishi mutum.

Hanyar ita ce Going-to-the-Sun, wato hanyar zuwa rana. Tsawonta kusan kilomita 80, an buɗe ta a hukumance a 1933, shekara 23 bayan kafa gandun a 1910. Tana tashi daga garin West Glacier, ta bi gefen Tafkin McDonald, ta hau har mashigar Logan mai tsayin mita 2,026, sannan ta gangara zuwa St. Mary, a bakin ƙasar al'ummar Blackfeet. Idan ba a tsaya ba, awa biyu ta isa a ratsa ta, amma wanda bai tsaya ba bai ga komai ba. A sashenta na sama dutse ne a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, shi ya sa aka hana motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi bin wurin. Mai shirin hayar doguwar motar nan mai ɗakin kwana a ciki ya san da haka tun kafin ya biya.

Kalmar bazara, wadda aka saba fassara lokacin zafin Turawa da ita, tana iya yaudarar Bahaushe. A waɗannan duwatsu dusar ƙanƙara ce ke yanke ranar tafiya. Kusa da mashigar Logan akwai wurin da take taruwa har ta kai tsayin mita 24, kuma ma'aikata sukan shafe makonni suna kwashe ta da manyan injuna. Yawanci sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli hanyar ke buɗewa baki ɗaya. A 2011 da 2022 sai 13 ga Yuli aka buɗe ta. Wanda ya sayi tikitin tsakiyar Yuni saboda sauƙin farashi yana iya tarar da shinge a rabin hanya. Agusta kuma da tata matsalar, domin lokacin gobarar daji ne, hayaƙi yakan rufe tsaunuka kamar hazon hunturu. A 2017 wuta ta cinye tsohon masaukin Sperry da ke can sama. Rabin Yuli na biyu ya fi dacewa, duk da cewa kowa ya san haka, kuma kowa a lokacin yake zuwa. Ko a Yuli ɗin, rigar sanyi ba ta fita daga jaka.

Cunkoson shi ne abu na biyu. Kimanin mutum miliyan 3 ke shiga gandun a shekara, mafi yawansu cikin waɗannan 'yan makonni. Tun daga 2021 hukumar gandun ke gwada hanyoyin taƙaita shigar motoci, ƙa'idar kuma tana sauyawa kusan kowace shekara, saboda haka labarin wanda ya je bara ba abin dogaro ba ne. Sanarwar hukumar ta shekarar da ake ciki ita ce abin dubawa. Haka batun kuɗin shiga: daga farkon 2026 an ɗora ƙarin dala 100 a kan kowane babban baƙo da ba mazaunin Amurka ba.

Abin da bai sauya ba shi ne wurin ajiye motoci a mashigar Logan yana cika tun da sassafe. A nan wanda ya saba tashin asuba yana da rinjaye. A farkon Yuli rana na fitowa kafin ƙarfe 6 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Matafiyin da ya yi sallah ya kama hanya zai isa sama kafin tururuwar jama'a, ya taka zuwa inda ake hango Tafkin Hidden, tafiyar kilomita biyu da ɗoriya, ya dawo yana cin karo da masu neman gurbin da zai bari.

Za a iya cewa wanda ya sha wahalar biza da tsadar tikiti, kuma mai yiwuwa ba zai sake dawowa ba, ya cancanci ya ga duk abin da ido zai iya ɗauka. Hujja ce mai nauyi. Sai dai yanayin dutse ba ya bin jadawali. Hazo yana iya rufe mashigar yini guda cur, kuma wanda ya ware mata safiya ɗaya tak ya yi asarar abin da ya kawo shi. Mai kwana uku a wuri ɗaya yana da dama ta biyu. Rana ɗaya ga hanyar, rana ɗaya ga kwarin Many Glacier da ke arewa maso gabas, ta uku a bar ta ba tare da tsari ba.

Manyan curin ƙanƙarar da gandun ya samo sunansa daga gare su suna narkewa. An ƙiyasta sun kai 150 a wajajen 1850. A 2015 guda 26 ne suka rage da girman da ake ƙirgawa. Daga bakin hanya ana hango na Jackson, a sashen gabas.

Sauran shirin ƙanana ne, amma rai na rataye da su. Babu gidan mai a cikin gandun, kuma layin waya yana ɗaukewa, sai a cika tanki a sauke taswira tun daga gari. Doka ta ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da dabbar beyar, kuma feshin barkonon da ake korarta da shi ba a shiga jirgi da shi, a can ake saye ko haya. Amma ruwa ya fi beyar kisa a Glacier. Ƙoramun narkakkiyar ƙanƙara ne, duwatsun bakinsu suna da santsi, mai neman hoto mai kyau yakan matsa taku ɗaya fiye da kima. Wanda ya tafi da yara ya riƙe hannunsu a gaɓar Avalanche.