Gargaɗi Ga Masu Zuba Dafi A Cikin Wake

 Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Karaye da Rogo, ku sani a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, a 2016 kuma ta ƙara wa hanin shekara 3. Dalili shi ne sun auna, sun sami dafin nan da muke kira fiya-fiya a cikinsa fiye da haddin da suka yanka.

Waɗansu fatake suna cewa hassada ce ta Nasara. Ni kuwa na ce wannan hujja ɓatacciya ce. Wa ya zuba dafin? Baturen da ya auna, ko mai ajiya da ya yayyafa shi a buhu don gudun ƙwaro, yana jiran tsada? Waken da aka ƙi a bakin teku, irinsa ake aunawa da tiya a kasuwanninmu, shi ake yi wa almajirai ɗanwake da ƙosai. Baƙo yana da ma'auni, yaronka ba shi da shi.

In an ce ciniki riba ake nema a cikinsa, sai mu ce ko yarjejeniyar cinikin duniya da aka ƙulla a Marrakesh ta ƙasar Maroko a 1994, wadda Najeriya ke ciki, ta ambata tun a farkonta cewa a ci arzikin ƙasa ta hanyar da zai ɗore. Ashe sai an je Maroko kafin mu san ɓoye aibin haja ha'inci ne? Ɗalibin da ya karanta babin ciniki ya san wannan.

In an ce babu makawa, sai mu ce akwai. Kakanninmu sun shanya wake ya bushe ƙayau, sun cuɗa shi da toka ko yashi. Yau ga buhu mai ruɓi 3 da ake ɗaure bakinsa, ga durom mai murfi: iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba da magani ba.

Saboda haka ku faɗa a makarantu da masallatan Juma'a, ku tambayi mai awo da me ya ajiye wakensa. Wanda ya ƙi faɗa, a bar masa kayansa. Allah Ya shiryar da mu. Wassalam.