A San Ɓarawo Kafin A Ɗauko Sanda

A cikin rangadin makarantu da muka yi kwanan baya a ƙasar Kafin Hausa, mun sauka wata makaranta inda malamai suka yi aiki abin yabo. Sun keɓe ɗaki guda, sun tara kayan mutanen dā waɗanda iyayen yara suka ba su amana: tsohuwar garkuwa ta fata, da gafaka cike da takardun Larabci da ajami rubutun hannu, da akushi, da faifai, da wani littafin haraji na zamanin En'e. Da aka buɗe mana akwatin ajiya sai muka ga gari ya taru a gindin akushi, gafaka kuwa ta yi huji huji kamar rariya. Babban malami ya ce kada mu damu, ai tun jiya ya sa an fesa fiya-fiya. Muka tambaye shi wane irin ƙwaro ne ya yi wannan ɓarna, ya ce ai ƙwaro ƙwaro ne. Maganin kuwa ya riga ya bar tabo a takardu, tawada ta baje, tsutsar da ke cikin akushi tana nan tana cin abinta.

Ba mu kawo wannan labari don zargin malamin ba, gama da kyakkyawar niyya ya yi. Mun kawo shi ne domin kuskuren da ya yi shi ne kuskuren yawancinmu. Ƙwarin da ke cin kayan ajiya iri iri ne, kowanne da abincinsa, da hanyar shigarsa, da maganinsa. Wanda bai san sunan ɓarawon da ke shiga gidansa ba, bai san ƙofar da zai toshe ba.

Ya kamata mu tuna da abin da tarihinmu ya ke kwance a kai. Zanen mutanen dā da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ƙwaro ba ya iya shi, haka kuma sulke da takobi. Amma mafi yawan abin da kakanninmu suka bari fata ne, da takarda, da itace, da duma, da zare, da gashin jimina, watau duk abinci ne ga ƙwari. Garkuwa da lifidi da sirdi irin waɗanda mayaƙan Haɗejiya suka fita da su a shekarar 1906, sa'ad da Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojan Ingila, da tambura, da alkyabbu, da wasiƙun sarakuna, da littattafan alƙalai, ba a iya sake yin su in sun lalace. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, da Gidan Makama na Kano, suna da ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan. Amma abin da ke cikin waɗannan gidaje kaɗan ne bisa ga abin da ke fadojin sarakuna da hakimai, da zaurukan malamai, da ɗakunan ajiya na ƙananan hukumomi. A can, mai tsaron tarihi ba kowa ba ne illa akawu da malamin makaranta.

Abu na fari da za a sani shi ne, ƙwaro mai fukafukai da a ke gani yana yawo ba shi ne babban maɓarnaci ba. Shi ƙwai ya ke sakawa a cikin tsaga ko ɗinki, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ita ke ci, sa'an nan ta kwanta ta rikiɗa ta fito ƙwaro. Hujin da a ke gani a jikin itace ƙofar fitarsa ce. Watau sa'ad da ido ya ga huji, an daɗe da yin ɓarna a ciki. A wurin zafi irin namu waɗansu su kan kammala wannan zagaye cikin wata biyu ko ƙasa da haka.

Manyan ɓarayin guda huɗu ne, kuma duk mun san su a kasuwa ko a rumbu, sai dai ba mu lura ba.

Na fari shi ne ƙwaron fata, wanda masana ke kira Dermestes maculatus. Tsawonsa ya kan kai milimita 6 zuwa 10, bayansa baƙi, cikinsa fari fari. Tsutsarsa mai gashi ce, baƙa baƙa, da layi mai haske a tsakiyar baya. Duk mai sayar da busasshen kifi daga fadamun Haɗejiya da Nguru ya san shi, haka ma mai fataucin ƙiraga. Yana cin fata, musamman wadda ba a jeme sosai ba, kamar ta garkuwa da ta ganga. In tsutsar ta ƙoshi sai ta huda itacen da ke kusa ta ɓuya, har a zaci wani ƙwaron ne dabam. Ƙarfin cinsa ya kai har gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka su kan kiwata shi da gangan a ɗaki na musamman, don ya suɗe musu nama daga jikin ƙasusuwan dabbobi.

Na biyu ɗan'uwansa ne ƙarami, Anthrenus, kamar ƙwayar dawa ko ƙasa da haka, mai dabbare dabbare. Babbansa furanni ya ke bi, ya shigo ta taga. Tsutsarsa ke cin mulufi, da alharini, da gashin jimina, da gashin dabba. Ba ta barin huji mai zagaye kamar na itace, sai dai a ga tufa ta rarake, a ga ɓawon tsutsa mai gashi a lungun akwati. Gidan tsuntsu a cikin rufi, da mushen ɓera ko jemage, su ne maƙyanƙyasarta.

Na uku shi ne ƙwaron taba, Lasioderma serricorne, ja ja, milimita 2 zuwa 3, kansa a sunkuye kamar mai ruku'u. Yana cin taba, da barkono, da citta, da busassun ganyaye, da duma, da ƙullun da a ke manna bangon littafi da shi. Shi da wani mai kama da shi, Stegobium, su ne ke huda littafi tun daga bango har bango. Ana bambanta su da madubin ƙara girma: bayan ƙwaron taba sumul ya ke, na ɗayan kuwa yana da layuka a jere. Tsohon abokin gābar ɗan Adam ne, har a kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar an sami gawarsa.

Na huɗu su ne masu cin itace da gora, waɗanda mu ke haɗawa duka mu ce gunda, masana kuwa su ce Lyctus da Dinoderus. Alamarsu ƙananan huji masu zagaye kamar an soka allura ko basilla, da gari mai laushi yana zuba. Su ne abokan gābar akushi, da allo, da kujerar sassaƙa, da ƙotar māshi, da kwando.

Har wa yau lalle a san waɗanda ba su cikin wannan ƙungiya. Gara ba irin waɗannan ba ce. Daga ƙasa ta ke fitowa, tana gina hanyar laka a jikin bango, maganinta kuwa shi ne a ɗaga kaya bisa kanta ta ƙarfe nesa da bango. Asu malam-buɗe-littafi ne ƙarami, tsutsarsa na barin saƙa kamar yana a jikin tufa. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi mitsin ƙwari masu cin fumfuna kaɗai. Su ba su huda kome, amma ganinsu shaida ce ɗakin yana da laima, sai a duba rufi da indararo. Buzuzu ko wani babban ƙwaro da hasken fitila ya jawo da damina baƙo ne, a share shi a fitar, kada gawarsa ta zama abincin na biyun nan da muka ambata. To, dubi yadda magani ya bambanta: wani gyaran rufi ya ke so, wani toshe taga, wani sauya kanta. Fesa guba bai biya ko ɗaya daga ciki ba.

Ƙasar nan ta taɓa koyon wannan darasi da tsada. A ƙarshen shekarun 1940 da cikin na 1950, sa'ad da dalar gyaɗa ta yi ta daɗewa a Kano tana jiran jirgin ƙasa, wani ɗan ƙwaro mai suna Trogoderma granarium ya shiga buhuna. Tsutsarsa na iya laɓewa a tsagar bango shekara da shekaru ba ci, ta jira sabon kaya. Sai da masana suka zauna suka gane shi, suka san halinsa, kāna aka san yadda za a yaƙe shi. Ma'aikatar binciken ajiyar amfanin gona da aka kafa a 1948, wadda yau hedkwatarta ke Ilori, tana da reshe a Kano, daga irin wannan bukata ta samo asali. In an yi wa gyaɗa wannan hidima, alhali kuwa ana sake noma ta kowace damina, ina ga wasiƙar da babu irinta sai ita?

Ga abin da mu ke roƙon akawuna da malamai su yi, kuma ba ya cin kuɗi. A buɗe littafi guda na ɗakin ajiya, kamar yadda a ke buɗe na kuɗi. Sau ɗaya a wata a shiga da fitila, a duba lunguna da bakin taga da ƙarƙashin kaya, a rubuta kwanan wata da abin da aka gani da wurin da aka gan shi. Ƙwaron da aka samu, ko tsutsa, ko ɓawonta, a sa a 'yar kwalba a rufe, a manna takarda. Abin da a ke shakkarsa a kakkaɓe shi a hankali, a ɗora bisa takarda mai tsabta, a bar shi mako guda ko biyu: in sabon gari mai haske ya zuba, ƙwaro na da rai a ciki, in babu kome, kuma hujin ya yi duhu, mai yiwuwa tsohuwar ɓarna ce. Abin da ya kamu a ɗaure shi cikin leda a raba shi da saura nan da nan. Sabon abin da aka kawo kyauta kada a haɗa shi da na dā sai ya yi wata guda a keɓe. Kada a ci abinci a ɗakin, kada a ajiye hatsi ko kifi ko taba kusa da shi. A sa raga a tagogi, a share kullum.

In an tabbatar akwai ƙwaro mai rai, hanyoyin da gidajen kayan tarihi na duniya ke bi yanzu ba na guba ba ne. Akwai sanyi: a rufe abu cikin leda ruf, a sa shi a injin ƙanƙara mai kai digiri 20 ƙasa da sifiri har kwana 7 ko fiye ba tare da wuta ta yanke ba, in an fitar a bar shi cikin ledarsa kwana guda kafin a buɗe. Akwai zafi: digiri 55 na kashe ƙwai da tsutsa da babba cikin 'yan sa'o'i, kuma baƙar leda a ranar watan Afrilu tana iya kai wannan, amma wannan na tabarma ne da tufa da irinsu, ban da fata, ban da abin da aka manna ko aka shafa wa kakin zuma. Akwai kuma hana iska, wanda manomanmu suka sani a buhun wake mai leda biyu a ciki. Ga kayan tarihi sai an cire iskar shaƙa da wani sinadari ko an maye ta da naitirojin, a bar su mako 3 ko fiye. Takardun rubutun hannu da ganguna kuwa kada kowa ya gwada musu kome sai da shawarar ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Fiya-fiya da ƙwayar hayaƙin da a ke sa wa hatsi a nisanta su: na fari yana sauya launin rini yana sa ƙarfe tsatsa, na biyu yana kashe mutum a ɗaki rufaffe.

Mun san wani zai ce, ana fama da rashin kujeru da alli, ina lokacin kiwon ƙwari? Amsarmu ita ce, kujera in ta karye kafinta na nan, amma littafin alƙalin da ya rasu shekara 100 da suka wuce ba shi da kafinta. Bugu da ƙari, wannan aiki shi kansa darasi ne. Yaron da aka ba madubin ƙara girma, ya ƙirga ƙafafu, ya zana abin da ya gani, ya rubuta kwanan wata, ya koyi ilmin halittu da tarihin garinsu a zama ɗaya.

Saboda haka muna kira ga majalisun masarautun Jigawa, da ƙananan hukumomi, su naɗa mutum guda a kowace fada da kowane ɗakin ajiya wanda wannan littafi zai zama a wuyansa. Muna kuma kira ga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, ta 2011, su buɗe ƙofa ga duk akawu ko malamin da ya zo da 'yar kwalbarsa yana neman a gaya masa sunan abin da ke ciki. Kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin abin da su ke koyarwa.

Mutanen dā sun riƙe waɗannan kaya cikin yaƙi da fari da ƙaura, suka miƙo mana su. Abin kunya ne a ce a hannunmu, mu da muka yi makaranta, ƙwaro kamar ƙwayar gero ya gama da su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.