Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Kwaikwayon Tsofaffin Na'urorin Wasa a Kwamfuta

Wannan wasiƙa ta shafi wani ɓangare na sana'ar rubuta manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki tamkar wata na'ura daban har wasannin waccan na'urar su gudana a kanta. Ɓangaren kuwa shi ne ƙananan wasannin da babbar na'urar wasa ta gida take turawa zuwa wata 'yar na'ura ta hannu, mai wasa ya fita da ita, sannan ya dawo ya mayar wa babban wasan abin da ya samo. Masu sana'ar sun saba barin wannan aiki zuwa ƙarshe, in ma sun taɓa shi, alhali shi ne ya fi kusa da ɓata.

Kamfanin Sega ya fitar da Dreamcast a Japan a 1998 tare da VMU, katin ajiya da ake cusawa cikin abin sarrafa wasa, amma mai fuska tasa ta ɗigo 48 a kwance da 32 a tsaye, da maɓallai, da batir biyu, da ƙwaƙwalwar sarrafa lissafi ƙirar Sanyo. Sony ya biyo da PocketStation a watan Janairun 1999, mai fuskar ɗigo 32 a kowane gefe, wanda ba a taɓa sayar da shi a wajen Japan ba, aka kuma daina ƙera shi a 2002. Nintendo kuwa ya bi wata hanya, domin ya haɗa babbar na'urarsa GameCube da ƙaramar ta hannu Game Boy Advance da waya, ta yadda babbar na'urar ke zuba ƙaramin shiri cikin ma'ajiyar wucin gadi ta ƙaramar, shirin da ke gushewa da zarar an kashe ta.

Shawara mafi nauyi ita ce kada mai sana'a ya ɗauka ya gama aiki don kawai hoto ya bayyana a 'yar fuskar kuma maɓallai sun amsa. Waɗannan wasanni kamar ɗan aike suke, wanda amfaninsa yana cikin tafiya da dawowa da saƙo, kuma wanda ya kwaikwayi tafiyar ya bar dawowar bai adana komai ba sai rabin abu. A Chao Adventure mai wasa yana ɗauko 'yar halittar da yake reno daga Sonic Adventure ya sa ta a VMU, ta ƙaru da ƙarfi a can, ya komar da ita. A Pinta's Quest na Skies of Arcadia kaya ake tarowa. A Chocobo World na Final Fantasy VIII ma haka, kuma 'yan wasan Amurka da Turai sun sayi faifan da ke ɗauke da wannan ƙofa ba tare da PocketStation, na'urar da za ta buɗe ta, ba, sai da sigar kwamfuta ta shekarar 2000 ta kawo wasan a matsayin shiri na daban. Saboda haka gwajin da ya kamata a yi shi ne zagaye cikakke: a tura daga babban wasa, a yi wasa a ƙaramar na'ura, a mayar da fayil ɗin, a tabbatar babban wasan ya karɓe shi kuma kayan sun shiga hannu. Wannan yana buƙatar masu manhajar Dreamcast da masu manhajar VMU, waɗanda galibi mutane ne daban, su yarda da siffa ɗaya ta hoton kati, maimakon mai amfani ya riƙa juya fayiloli tsakanin siffofin VMS da VMI da DCI da hannunsa. A nan akwai ƙa'idar da ake yawan mantawa: katin VMU yana ba mai amfani gurabe 200, ƙaramin wasa ɗaya kawai yake ɗauka a lokaci guda, kuma dole wasan ya zauna a jere daga gurbin farko, shi kuwa Chao Adventure kaɗai yana cinye 128. Manhajar da ta sassauta wannan ƙa'ida ta sauƙaƙa wa mutane, amma ta ɓoye musu zaɓin da mai wasa na wancan zamani yake yi, har wasu suka sayi kati na biyu.

Lokaci shi ne matsala ta biyu, kuma iri biyu ne. Akwai agogon ranaku da sa'o'i, wanda wasa irin Doko Demo Issyo na PocketStation ya dogara da shi, domin kyanwarsa Toro tana rayuwa ne bisa lokacin duniya. Idan manhaja ta ba da damar gaggauta wasa ko tsayar da shi, wajibi ne mai rubuta ta ya yanke hukuncin abin da agogon zai yi, ya kuma bayyana wa mai amfani. Akwai kuma daidaiton bugu tsakanin na'urori biyu da ke magana ta waya, inda jinkiri kaɗan ke yanke zancen. Shekaru da dama masu Dolphin, manhajar kwaikwayon GameCube, suna haɗa ta da wata manhajar Game Boy Advance ta hanyar sadarwar kwamfuta, kowace na gudu bisa saurinta, haɗin kuma yana yawan tsinkewa, har a 2021 aka shigar da mGBA, manhajar kwaikwayon Game Boy Advance, cikin Dolphin kanta, agogo ɗaya ya riƙa jan su duka. Daga nan ne wasannin taro irin Four Swords Adventures da Final Fantasy Crystal Chronicles, masu neman Game Boy Advance ɗaya ga kowane ɗan wasa, suka daidaita sosai. Abin da ya biyo daga wannan shi ne duk ajiyar hali, wato hoton da manhaja ke ɗauka na na'ura a wani ƙiftawar ido don a koma gare shi, dole ta ƙunshi na'urorin biyu tare.

Game da fuska, a bar ta yadda take. Ɗigo 32 da aka goge gefunansu don su yi kyau a babban allo sun daina zama zanen da maƙeransa suka yi.

Manhajar tushe da ke cikin VMU da PocketStation mallakar kamfanoninsu ce, don haka hanya mai tsabta ita ce a koya wa mutum ciro ta daga na'urarsa, ba a raba ta tare da manhajar kwaikwayo ba. Amma aikin da ya fi gaggawa bai ma shafi rubuta shiri ba. Wasu wasannin VMU ba su taɓa zuwa a faifai ba, ta intanet ɗin Dreamcast aka sauke su daga shafukan da aka rufe tuntuni, kuma mai yiwuwa kwafin da ya rage na wasunsu yana cikin tsohon kati a kasuwar kayan gwanjo ta Akihabara a Japan. Duk wanda irin wannan kati ya zo hannunsa ya fara kwafe shi gaba ɗaya, har da guraben da ake gani babu komai a ciki, kafin ya goge ko ya ajiye wani abu a kansa, ya kuma rubuta inda ya samo shi da wasan da ya tura abin da ke ciki.