Lauyan wanda ake tuhuma ba abokin gabar Shari'a ba ne



Akwai maganar da ke yawo a majalisunmu, har a bakin ɗalibai, wai lauyan da ke tsaya wa wanda ake tuhuma da kisa ko sata ko zina mai taimakon ɓarna ne, kuɗinsa ma haramun ne. A ganinmu an yi gaggawa a wannan hukunci, kuma aikin Barista Hauwa Ibrahim ya isa dalilin sake duba shi.

'Yar garin Hinna ce a jihar Gombe ta Najeriya. Ta fara aiki a matsayin lauyar gwamnati a Bauchi, daga baya ta koma kare talakawa ba ta karɓar ko sisi. Duniya ta san ta ne a shari'ar Amina Lawal, bazawarar da kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002 saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar.

Da me aka soke shi? Jaridun Turai sun ce hayaniyarsu ce. Ba haka ba ne. Hauwa da abokin aikinta Aliyu Musa Yawuri fiƙihun Malikiyya suka ɗauko, wanda muke karantarwa a zaurukanmu. Wanda ya yi iƙirarin zina yana da damar janye shi, sai haddi ya faɗi. Ai ko Ma'izu, Annabi (SAW) ya yi ta kawar masa da kai. Malamanmu kuma sun yarda ciki na iya kwantawa har shekara biyar, don haka ana iya jingina 'yar ga tsohon mijin. Likita na iya musun wannan, amma ga alƙali shubuha ce, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi. Ga shi alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori, alhali doka ta nemi uku. Ashe lauyoyin tuna wa kotu Shari'a suka yi.

Wakilci a gaban alƙali tsohon abu ne. Sayyidina Ali yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a husuma. Abin da ya haramta shi ne ƙirƙirar shaidar zur, da sayen alƙali, da jan shari'a don a gajiyar da mai gaskiya. Masu yin haka suna nan, ba mu wanke su ba.

Majalisar Turai ta ba Hauwa kyautar Sakharov a 2005, a 2014 kuma ta shiga kwamitin binciken sace 'yan matan Chibok. Ba lallai mu yarda da duk ra'ayinta ba.

Abin da ya dame mu yana nan gida Nijar. Akasarin lauyoyinmu suna Yamai. Gidajen kaso cike suke da masu jiran shari'a, wani ya yi shekaru bai ga alƙali ba, a kan akuya ko wayar salula. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don ba marasa hali lauya kyauta, amma mutumin ƙauye bai ma san da ita ba. Kwamitocin masallatanmu kan kai wa 'yan kaso abinci da azumi, Allah ya saka musu. Da za su riƙa tafiya da lauya ɗaya ya tambayi inda takardun kowane mutum suka maƙale, da wasu sun yi Sallah a gida.