Hukuncin Ƙusar Gyaran Haƙora

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa na Madawa, Buza da Keita, ana tambaya kan 'yar ƙusar da likita ke kafawa a ƙashin muƙamuƙi, ta zama turken jan haƙoran da suka turo gaba, a cire ta in an gama.

A fahimtata halal ce matuƙar magani ne. Annabi (SAW) ya yi wa Arfaja ɗan As'ad izinin sa hancin zinariya. La'anar da ke hadisin Ibn Mas'ud kuwa ta hau kan masu fiƙe haƙora su yi wushirya don ƙawa. Alwala da wankan janaba sun inganta da ita, domin kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malik. Mai azumi dai ya kiyayi haɗiye jini. Iyaye, kada ku hana yaro magani bisa zato. Wallahu a'alam.